Kawu Sahun Ƙarshe

Masallacinmu a ƙolin gari yake, shagon askin Kawuna kuma yana can gindin dutse, kusa da tasha. Tsakaninsu matakala ce ta duwatsu da ke lanƙwasa cikin gidaje, irin wadda ko akuya sai ta tsaya ta huta. Wanda ya zaɓi wurin gina masallacin nan Allah ya jiƙansa, amma na tabbata bai san ciwon gwiwa ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne, da kujera mai juyawa da ta daina juyawa tun ina yaro, da madubi mai tsaga a kusurwa, da almakasai cikin gwangwani. Shekara da shekaru yana aske garin nan, kuma bai taɓa samun sahun gaba ba. Har suna aka laƙaba masa, Sahun Ƙarshe, shi kuma yana amsawa.

Kada ka ce lalaci ne. Da an kira salla yake rufe shago, ko da kan mutum rabi aka aske. Matsalar Kawu ɗaya ce, ba ya iya wuce tsoho. Da ya ga dattijo zaune a matakala yana haki, sai ya miƙa masa damtse ya ce, "Riƙe nan, Baba, ai hanyarmu ɗaya." Daga nan sai tafiya ta koma ta tsohon. Wani lokaci kafin su kai sun zama uku, ɗaya a dama ɗaya a hagu. In sun isa, a buɗe wa dattawan hanya su wuce gaba saboda girmansu, shi kuwa ya tsaya bakin ƙofa kusa da takalma, inda iskar dutse ke shigowa tana dukan ƙafa.

Ya mai da abin wasa. Yakan ce shi ƙeyar kowa ya sani. Ana sallamewa za ka ji shi yana raɗa, "Mai burodi, ƙeyarka ta yi daji, ka leƙo gobe." Amma abin yana damunsa. Wata rana yana min aski ya ce, "Ka san ko sau ɗaya ina so in tsaya bayan liman kafin in mutu?" Bai yi dariya ba.

Bara gwiwoyinsa suka ƙi. 'Yarsa ma'aikaciyar jinya ce a wani birni can ƙasa inda babu hawa, ta kafe lallai sai ya koma wurinta. Da yake ni direba ne, ni aka ɗora wa kai shi ranar Asabar. Juma'a ɗaya ta rage masa ke nan.

Ranar Juma'ar tun hantsi ya yi wanka, ya sa farar rigarsa, ya ce min, "Tashi mu tafi. Yau ko wa na gani a hanya, ban gan shi ba."

Muka kama hawa a hankali. Da muka kai wurin famfon da ke rabin hanya, sai ga Baba Mai Zuma zaune, sanda tsakanin ƙafafu. Tsoho ne tukuf, idonsa ya daɗe da yin rauni. Kawu ya kau da kai, ya ɗauke numfashi, ya soma saɗaɗawa ta gefensa kamar ɓarawo.

"Ina jin ƙamshin sabulun aski," in ji tsohon. "Sahun Ƙarshe, kai ne?"

Kawu ya tsaya cak. Na ce, "Kawu, ka wuce, ni zan kawo shi."

"Wa? Direban nan?" in ji Baba Mai Zuma. "Gudu zai yi da ni. Bar shi kawai, na zauna nan in ji huɗuba daga nesa."

Na dubi Kawu, na ga yana kallon ƙolin dutse. Sai ya saki ajiyar zuciya, ya dawo da baya, ya miƙa damtse.

Ban taɓa ganin tafiya mai ban haushi irin wannan ba. Tsohon nan ya ce tsakuwa ta shiga takalminsa. Aka cire. Ya ce ƙishi. Aka koma famfo. Ya tsaya gaida wata tsohuwa ta taga, har da tambayar awakinta ɗaya bayan ɗaya. Mutane suna ta wuce mu. Ni raina ya gama ɓaci, har na fara tsaki, Kawu ya harare ni. Muna hanya aka fara huɗuba, muna hanya aka gama. Da muka cire takalma ana tada iƙama, masallaci ya cika maƙil.

Kawu ya nufi wurinsa na bakin ƙofa. Sai ya tarar da mai burodi tsaye a wurin.

"Nan da mai shi yau," in ji mai burodi. "Matsa gaba."

A sahun da ke gaban wannan ma tela ya ce babu wuri, ya kama hannunsa ya miƙa wa makaniki. Makaniki ya miƙa wa malamin makaranta. Haka aka yi ta miƙa Kawuna hannu zuwa hannu, yana waige-waige, har ya kai bayan liman, inda ladan ya ajiye hularsa tana tsare masa wuri.

Baba Mai Zuma ya zungure ni da gwiwar hannu. "Na iya ko ban iya ba?" ya raɗa min. "Da ya zo da wuri, da shi ya samar wa kansa sahun gaba. Mu kuwa so muke mu ba shi."

Bayan an sallame an yi addu'a, liman ya juyo yana murmushi. "To, mai aski, yaya ka ga sahun gaba?"

"Allah gafarta Malam," in ji Kawu, "ashe bango ne kawai."

Masallaci ya kwashe da dariya. Kawu ya juya don ya ga masu yi masa dariya. Duk shekarun nan ƙeyoyinsu yake kallo, bai taɓa ganin garin gaba ɗaya ta fuska ba, kowa na dubansa. Ya buɗe baki zai yi wani barkwancin, ya kasa. Hawaye suka zubo masa, ni ma ban tsira ba.

Da muka fito, gwiwar Kawu ta ƙi sauka. Yana tsaye a kan matakalar farko yana tunanin yadda zai yi, sai Baba Mai Zuma ya lalubo shi, ya miƙa masa ɗan siririn damtsensa.

"Riƙe nan," ya ce, "ai hanyarmu ɗaya."

Babu wanda ya wuce su. Muka sauka a takun Kawu, shi a gaba, gari duk a bayansa.