Shekarar da Muka Makara da Shuka

Har yau idan na ji kukan zabi da hantsi, kunya ce take fara kama ni, sannan dariya ta biyo baya. Maƙwabciyata a inda nake zaune yanzu ta sayo guda uku ta sake su a bayan katanga, ba ta san akwai tsohuwar gaba tsakanina da danginsu ba. Bari in gaya maka yadda aka yi, ko da yake labarin ya fi zabi girma.

Shekaruna kamar goma a lokacin, muna zaune a wani gidan ƙasa a bakin garin Tambuwal. Ba a daɗe da fara kiran jiharmu da sunan Sakkwato ba, kuɗin mai kuma ya fara leƙo irin garuruwanmu. Sabon keke, rufin kwano, rediyo a rataye a kafaɗa, kowa da abin da yake nunawa. Mu Kirista ne, asalinmu daga wajen Zuru, aikin hanya ne ya kawo Baba. Mu shida ne a gida: Baba, Mama, ni, ƙannena biyu, da Kaka wadda ta haifi Baba. Majami'armu ɗaki ɗaya ce mai rufin kwano. Idan ruwa ya sauko ana tsakiyar wa'azi, sai mai bishara ya haƙura mu koma waƙa, kuma ba zan ɓoye maka ba, mu yara mun fi son hakan.

Jikin katangarmu akwai wani malami dattijo, kowa Malam yake ce masa. Shi ya ara mana gona a bayan gari. Da Sallah naman gidansa yakan shigo mana, da Kirsimeti shinkafarmu ta shiga gidansa, ba wanda ya taɓa tsayawa yin dogon bayani a kai.

Kaka tana da wata tukunya a ƙarƙashin gadonta. Irin gero ne a ciki, wanda ta taho da asalinsa daga garinsu. Duk lokacin girbi takan zaɓi zangarniya mafi kyau, ta sussuke da hannunta, ta cuɗa da toka saboda ƙwari, ta liƙe bakin tukunyar da laka. Geron nata gajere ne, zangarniyarsa ba ta wuce tafin hannu da kaɗan ba, amma yana saurin nuna. Manoman unguwa, masu dogon gero, sukan tsokane ta su ce geron tsohuwa ya gaji tsawon mai shi. Ita kuma ta ce gajere dai ya riga su zuwa gida. Ni takan kira ni uwar gaggawa, kuma ba ƙarya ta yi mini ba. Ni ce mai buɗe tukunya kafin tuwo ya dahu, mai tambayar ko an kusa alhali ba a fita daga gari ba.

A bazarar shekarar nan, gangar kwalta ta gangaro daga bayan mota a wurin aiki ta karya wa Baba ƙafa. Aka ce akwai wani maɗori a Kebbe mai hannu, aka kai shi can. Kaka ta bi shi jinya, ta tafi da ni don ɗebo ruwa, Mama ta zauna da ƙanana. Muna bakin ƙofa Kaka ta juyo ta ce wa Mama, "Tukunyar ga, kowa kada shi taɓa ta sai na dawo."

Muna Kebbe, Baba yana kwance da ƙafa a ɗaure cikin kara, ɗakin yana warin man shanun da ake shafa masa, sai ga hadari da la'asar. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Washegari garin ya watse, kowa ya saɓa sungumi ya nufi gona, don gero ba ya jira: in ba ka shuka cikin kwana biyu da ruwa ba, danshi ya tafi. Mu kuwa rafi ya cika, motar kasuwa ta kafe a laka, babu mai fita daga Kebbe. Na zauna a bakin zaure ina kallon gonakin mutane ina kuka. Albashin Baba ya tsaya tun ranar da ya faɗi, gonar nan ita kaɗai ta rage mana, ga shi ruwa ya zo ya same mu a garin wasu. Baba ya juya fuskarsa bango. Kaka kuwa tana jajjage tana rera waƙar sujada ƙasa-ƙasa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da muka durƙusa addu'a, abin da ta ce bai wuce wannan ba: "Uba, kai ka san lokaci, mu ba mu sani ba. Ka riƙe mu, cikin sunan Yesu." Na ce amin, amma da kumburarren baki.

Sai bayan kwana goma sha biyu muka dawo, Baba a kan tabarma a bayan mota. Tun daga nesa gonaki sun yi layi-layi kore shar, tamu kaɗai ce fayau kamar an share tsakar gida. Mama ta ce sau biyu ta jawo tukunyar har tsakar ɗaki, sau biyu ta mayar. Mutane suka yi ta shigowa, rabi gaida Baba, rabi jajen shuka.

Malam ya ba da shawara a yi bizne, wato a binne irin a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa na gaba. Kaka ta je gonar, ta durƙusa, ta tona ƙasa har hannunta ya shige zuwa gwiwa, ta murza, ta shinshina. Ta dawo ta ce, "Malam, na gode. Amma ƙasar ga ba ta shirya ba, kuma ba ni da wani iri bayan wanga. Jira nika yi."

Jira! Kalmar da na fi tsana a duniya. Na ga in aka biye wa Kaka sai mun mutu muna jira, don haka na yanke shawarar in taimaki Allah da Kaka baki ɗaya. Da ta fita ɗebo itace, na huda lakar bakin tukunya da tsinke, na zazzago cikin tafi biyu, na toshe ramin da taɓo. Da sassafe na je gona na yi biznena, layi guda, na take da ƙafa yadda na ga manya suna yi. Na tsaya na yi addu'a, har na ba Ubangiji wa'adi, na ce ya taimaka ya kawo ruwa kafin Alhamis.

Washegari da hantsi na koma duba aikina. Zabin Malam na tarar, sun fi goma, sun jeru a kan layina suna tono suna kuka kamar ana biki. Ko ƙwaya ɗaya ba su bar mini ba. Na bi su da jifa har na faɗi. Da na shigo gida, Kaka ta dubi tokar da ta manne a bakin zanena tun jiya, ta ce, "Uwar gaggawa, baƙin naki sun ƙoshi? Ko a kai musu ruwan sha?" Ba ta doke ni ba. Sa ni ta yi na kwaɓa sabuwar laka na liƙe tukunyar da hannuna, tana zaune tana dariya har da hawaye.

Daga nan sama ta rufe bakinta. Mako ɗaya, biyu, uku, rana tana dukan ƙasa. Tsiron da ya ba ni kishi ya fara nannaɗewa, ya yi ja, iska ta turbuɗe shi da rairayi. Aka yi wani ɗan yayyafi, mutane suka ruga suka sake shuka da sauran irinsu, shi ma ya ƙone. Su Malam suka fita bayan gari roƙon ruwa, mu ma muka yi azumi muka taru a majami'a. A gidanmu an sayar da rediyon Baba, tuwo ya koma sau ɗaya a rana, sauran sai kwaɗon busasshen zogale.

Wata rana ƙaramin ƙanena ya yi ta kukan yunwa har muryarsa ta dushe. Baba ya kira Kaka daga inda yake kwance, shi Inna yake ce mata. "Inna, ki buɗe tukunyar ga a daka ma yara. Shekarar ga ta ƙi mu. In na miƙe mu koma gida." Kaka ta shiga ɗaki. Ta jawo tukunyar ta zauna a kanta, ta ce, "In munka ci shi yau, jibi mi za mu ci? Wanga ba abinci ba ne, gona ce."

Can da la'asar na zagaya bayan rumbu, sai na same ta a durƙushe tana kuka. Na tsorata ƙwarai, don ni a zatona Kaka ba ta san tsoro ba. Ta jawo ni jikinta. "Ni ma tsoro nika ji, ƙawata," in ji ta. "Ba wai na san abin da Allah za shi yi ba. Shi dai na sani." Ta ɗauko zanenta na zuwa majami'a, guda ɗaya tak mai kyau, ta aike ni gidan wata mata na karɓo dawa da shi. Da wannan muka ƙara kwana shida.

A rana ta bakwai, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Ruwa ya zuba har magariba, ya sake kwana yana yi. Mu yara muka fita tsakar gida muna tsalle muna buɗe baki sama. Mama ta jera duk wani abu mai rami a ƙarƙashin indararo. Baba ya ja jiki zuwa bakin ƙofa ya miƙa hannu ruwan ya taɓa shi, yana dariya kamar yaro.

Da asuba Kaka ta fasa lakar da taɓarya. Ba ta gama ba sai ga sallamar Malam. Ya tsaya a bakin zaure yana murza carbi, ya kasa faɗin abin da ya kawo shi. Irinsa ya ƙare, na maƙwabta ma haka, kuma ko an samu dogon gero a kasuwa, damina ta yi nisa, ba zai nuna ba kafin ruwa ya ɗauke. Kaka ba ta bari ya roƙa ba. "Malam, ka aiko da ƙwarya. Ka ce ma sauran su aiko da tasu." Na ja gefen zanenta, na ce namu fa? Ta ce yatsa uku ake sa wa rami, ba tafi biyu irin na wasu manoma ba. Gida biyar ta raba wa, namu na shida.

Da muka isa gona, sai muka tarar an riga mu. Malam ne da 'ya'yansa da mazan gidajen nan, sungumi ya fi ashirin. Ya ce ba za a sa ƙwaya a gonar kowa ba sai an gama ta tsohuwa. Kafin rana ta take, an gama. Haka suka dawo gayya a noman farko, suka dawo a maimai. Aka ɗora Baba a jaki aka kai shi gindin gawo, yana kallo, yana yi musu sannu, hawaye yana bin gemunsa. Sai a ranar na yi tunanin abin da ban taɓa yi ba duk kukan da na sha a Kebbe: da mun shuka da ruwan farko, da irin ya ƙone tare da na kowa, kuma ko da ya tsira, wa zai nome mana, Baba yana kwance?

Gajeren gero ya nuna kafin ruwa ya ɗauke. Ƙanshin tumu ya cika unguwa, muna gasawa muna murzawa a tafi muna ƙona baki. Ranar godiya a majami'a, ni na ɗauki daminmu a ka, Baba yana bina da sanda, a kan ƙafarsa. Matan zumunta suka yi ta guɗa har kwanon rufi yana amsawa.

A hanyar dawowa na tambayi Kaka, wai don a tsirar da iri ne Allah ya bar ƙafar Baba ta karye? Ta tsaya ta harare ni. "Ke kika zama sakataren Allah? Ban sani ba, kuma ba ni ƙirƙira mai dalili. Abin da na gani shi ne, bai bar wahalar ta tafi a banza ba." Baba dai bai daina ɗingishi ba har ya bar duniya, bai kuma koma aikin hanya ba. Ɗinki ya koya, a ƙofar gidan nan ya tsufa yana taka keke da ƙafa ɗaya, suna hira da Malam.

Yanzu jikokina a waya suke duba ranar da ruwa zai zo, iri kuma a leda ake sayo shi. Ni ma ba wani canzawa na yi ba, har gobe ina leƙa tukunya kafin ta tafasa. Na yi shekaru takwas a ɗakin aure kafin na samu haihuwa, kuma sau nawa na ba Ubangiji wa'adin Alhamis, ni kaɗai na sani. Amma duk lokacin da na ji zan huda laka, sai in tuna tsohuwar nan a bayan rumbu, tana kuka, ba ta buɗe ba.

Bara na je Tambuwal ranar kasuwa. A layin masu hatsi na ga wani saurayi da ɗaurin gajeriyar zangarniya a gabansa. Na tambaye shi wane iri ne wannan. Ya ce, "Mama, geron tsohuwa ne. Ko ka makara shina fisshe ka." Na ce wace tsohuwa? Ya ce wallahi bai sani ba, haka ya taso ya ji ana faɗi. Na ce ya auna mini tiya guda. Yana aunawa yana satar kallona, yana mamakin abin da ya sa matar nan take dariya tana share ido.