Tsohon da Ya Kawo Bindigarsa

Yau ake duba bindigogin manoma a wannan ƙauye na Shimane, kuma tun shigowar wani tsoho, 'yar sanda Fumie ta kasa ɗauke ido daga kansa. Ba ta san shi ba. Gajere ne, rana ta ƙone masa wuya, takalmansa duk taɓon gona. Yana rungume da doguwar jaka kamar jariri.

Yana buɗe ta, ƙamshin mai ya tashi. Tsohuwar bindiga ce mai baki biyu, ƙotarta ta sha hannu har ta yi santsi. Fumie tana ayyana yawan aladun dajin da bindigar ta kora daga gonarsa.

"Sabunta takardar izini, Baba?"

"Miƙa ta na zo yi, 'yata. Ido ya tafi. Shekaranjiya saura kaɗan in harbe karen maƙwabcina."

"To aladun fa?"

"Su ci rabonsu."

Yana ta goge bindigar da tsumma.

"Baba, narkar da ita fa za a yi."

"Na sani," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Shekara hamsin tana tsare min shinkafa. Da datti zan sallame ta?"