Baba Gariba da Goron Bature

Baba Gariba direban tasi ne a Bronx, ya haura shekara sittin, yana da furfura a gemu da ciwon gwiwa da yake ɓoye wa matarsa. Hausawan New York sun san shi da abu biyu, kallon fim da kai goron neman aure.

Son fim ɗin tun daga zangon Kumasi ya taso da shi. Yana yaro, in ya samu shiga sinima, sai ya fito ya ba waɗanda suka rage a waje labari, har da kwaikwayon muryoyi. Da ya zo Amurka bai bari ba. Ran Talata ba ya fita aiki, da rana yake tafiya sinima shi kaɗai. Ran Laraba kuma ya zauna a gidan abincin Oumarou, wani ɗan Nijar da ke kusa da Fordham Road, ya yanke wa fim ɗin hukunci a gaban direbobi. A nan na fara sauraronsa, kuma mafi yawan abin da ke cikin labarin nan daga bakinsa na ji.

Maganar goro ta fi nauyi. Samarinmu da yawa sun zo ƙasar nan ba uba ba kawu, a wajenmu kuwa namiji ba ya zuwa da bakinsa ya nemi 'yar mutane. Manyansa ne ke zuwa, su ajiye goro, su yi magana. Wanda ya kai goron, shi za a kira duk ranar da auren ya samu tangarɗa. Baba Gariba ya zama kawun duk wanda ba shi da kowa. Ya kai wa 'yan Agadas, ya kai wa 'yan Tamale, amma sai ya binciki yaro tukuna.

A ƙarshen shekarar 2016 Najat ta same shi a gida. 'Yar Alhaji Kadri ce, abokinsa tun Kumasi, mai shagon atamfa. Nas ce a wani asibiti, kuma a can ta haɗu da Dennis, Bature mai tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya. Ya musulunta tun kafin ya san ta, a masallacin Soundview ana kiransa Kassim. Kuskuren da ya yi shi ne ya sa kwat, ya sayi furanni, ya tafi gidansu Najat a unguwar Concourse Village shi kaɗai, ya kalli Alhaji Kadri ido cikin ido ya ce yana son auren 'yarsa. A ganinsa iyakar girmamawa ke nan. Alhaji ya tashi ya shige ɗaki, bai sake fitowa ba.

"Baba, ka kai masa goro," in ji Najat. Hausarta ta 'ya'yan nan ce, tana yi tana tuntuɓe. "In Daddy bai yarda ba kafin sabuwar shekara, za mu je ofishin gwamnati mu ɗaura. Ba na so in yi aure babu shi, wallahi ba na so."

"'Yata, ban taɓa kai goron Bature ba," ya ce mata. "Ban san ta inda ake kama su ba."

Ta tafi tana share ido.

Talatar da ta biyo baya ya shiga wani fim ba tare da ya san na mene ne ba. Labarin gaske ne na wani Bature da matarsa baƙar fata a jihar Virginia, a zamanin da dokar jihar ta hana irin wannan aure. Aka kama su, aka raba su da garinsu, shari'ar ta yi ta tafiya har kotun ƙoli ta soke dokar.

Da Laraba ta yi, ya jawo farantin shinkafa da wake gabansa, direbobi suka matso.

"Fim ɗin ba ya gudu," ya ce. "Mai son harbi da tseren mota ya zauna gida. Mijin ma ba ya magana, kamar Abukari in an tambaye shi ina ya kwana."

Aka yi dariya. Abukari, wani direba ɗan Accra, ya jefe shi da murfin kwalba.

"Amma matar ta iya wasa. Da ido take yin komai. Kuma na yaba wa wanda ya shirya shi, bai sa su yi ta wa'azi ba, ya bar mu muna kallon mutum biyu da ba su son komai sai a bar su su zauna a gidansu. Inda ya gaza, lauyoyin. An yi su kamar 'yan makaranta. Ku lura fa, abin nan ba tsoho ba ne. An soke dokar ina ɗan saurayi a Kumasi. Waɗancan baƙaƙen Amurkan da muke gaisawa da su sama-sama, su suka share mana hanyar da muke tuƙi a kai."

Oumarou yana goge tebur ya ce, "To alƙalin fim, kai da ka ƙi kai goron Bature, da kai da alƙalin Virginia wa ya fi wani?"

Baba Gariba ya ce mini bai gama cin abincin ba.

Ya wuce shagon Alhaji Kadri. Bai fara da Najat ba, manya ba sa yin haka. Ya tambayi kasuwa, ya tambayi hawan jini, sannan ya ba shi labarin fim ɗin daga farko har ƙarshe.

"Gariba, na san inda ka dosa tun kana sallama," in ji Alhaji. "Ba zan yi maka ƙarya ba, fatar ta tsaya mini a rai da farko. Amma ba ita ta tashe ni daga kujera ba. Yaro ya zo mini shi kaɗai kamar mai kawo saƙon fakiti. Ba shi da uwa ne? In ya wulaƙanta mini 'ya, ƙofar wa zan ƙwanƙwasa?"

"In na samo maka ƙofa fa?"

"Samo tukuna."

Sai Baba Gariba ya yi abin da ya saba. Ya je masallacin Soundview ya tambayi liman. Ya tambayi abokan aikin yaron. Daga baya ya zaunar da Dennis a gaban motarsa ya ce, "Ina mutanenka? Sun ƙi ka ne saboda baƙar mace?"

Dennis ya ce ƙanen mahaifinsa ya riga ya faɗa cewa ba zai zo bikin ba, wannan gaskiya ne. Mahaifinsa ya rasu. Mahaifiyarsa kuwa, Loretta, tana wani ƙaramin gari a Pennsylvania, kuma tana son Najat ƙwarai.

"To me ya hana ka zuwa da ita?"

Dennis ya ce a wajensu namiji mai shekara talatin da ya jawo uwarsa zuwa neman aure, sai a ce bai girma ba. Ita kuma Loretta tana can tana zaton dangin Najat ne ba sa son ganinta, shi ya sa ba wanda ya gayyace ta.

Ran Asabar Baba Gariba ya sa babbar riga, ya tuƙa mota har garin, duk da gwiwar. Ya yi wa Loretta bayani da Turancinsa na tasi: shi zai yi magana a madadin marigayin mijinta, ita kuma ta zo a ga yaron yana da tushe. Ta ce ya jira ta ɗauko jaka. Ta fito da kek da ta gasa, ta riƙe shi a cinya har Bronx.

A falon Alhaji Kadri maza suka zauna, aka wuce da Loretta wajen mata. Dennis an bar shi a mota, yadda ya kamata. Baba Gariba ya ajiye ƙullin goro a kan darduma.

"Alhaji, ɗana Kassim ya ga wani fure a gidanka. Wancan karon ya zo da nasa furannin, a yi masa afuwa, yaro ne. Ga mahaifiyarsa can ciki. Ga ni nan. In ya yi ba daidai ba, ni za ka kira, ni kuma na san hanyar gidansu."

Alhaji ya daɗe yana kallon ƙullin. Daga ɗakin mata aka ji an fashe da dariya, ashe an ba Loretta goro ta gutsura, ɗacin ya sa ta hawaye, amma ta ƙi tofarwa.

Alhaji ya jawo ƙullin, ya kwance, ya ɗauki fari guda ya ɓara, ya miƙa wa Baba Gariba rabi.

"Zalika!" Alhaji ya kira matarsa. "Tambayi baƙuwar nan wace Asabar ce za ta iya dawowa in sanyi ya wuce. Kuma a ce wa yaron can ya shigo ya gaida ni, amma ya cire takalmi."