Sahabi da dinosaur ɗinsa na roba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe 'yarsa Nana ta kira ni, Dokta Sahabi ya rasu. Tun ɗazu nake zaune da waya a hannu, na rasa ta inda zan fara.

A shekarun saba'in muka haɗu, lokacin da kuɗin mai ya ɓarke a gida, gwamnati na ta turo mu karatu London. Ɗaki ɗaya muka kama a Lewisham. Shi yana karanta ilimin duwatsu, ni injiniyanci.

Mu da alawus ya shigo sai rediyo mai kaset da wando fantalo. Shi kuwa sai ya bi 'yan gwanjo ranar Asabar, ya dawo da dinosaur na roba a aljihu, irin na wasan yara. Ya wanke da tsohon buroshi, ya jera a taga.

Ba irin dariyar da ba mu yi masa ba. Har wani ya ce gumaka yake tarawa. Murmushi kawai yake yi.

A shekara ta biyu na faɗi jarrabawa. Kunya ta ishe ni, na haɗa akwati zan koma gida ban gaya wa kowa ba. Da ya shigo ya ga akwatin, abin da ya ce kawai shi ne, "Habu, sa kwat ɗinka ka raka ni."

Muka hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har gidan ajiye kayan tarihi. Muna shiga na yi turus. Ƙasusuwan dabba guda ɗaya, dinosaur na gaske, sun cika zaure, sai ka ɗaga kai kafin ka ga ƙarshen wuyanta.

Ya ce, "Ina yaro ina kiwo can ƙasar Sakkwato, na tsinci ƙashi kamar turmi. Aka ce na aljanu ne, in yar. Na yar, amma ban daina tambaya ba, tambayar ce ta kawo ni garin nan. To Wanda ya halicci wannan, ya kuma shafe irinta daga doron ƙasa, jarrabawarka ce za ta gagare Shi?"

Ranar na kwance akwatina. Na sake rubutawa, na ci.

Watan jiya na je duba shi a flat ɗinsa na Edmonton. Idanunsa sun tafi gaba ɗaya. Bango uku cike da dinosaur ɗin nan nasa na roba, kowanne da mazauninsa. Don tsokana na ɗauko wani daga can sama na sa masa a tafin hannu.

Ya shafa a hankali, ya yi dariya.

"Mai ƙaho uku ne, ƙirar Hong Kong. Ƙafar baya ta ɗan narke. Kai ka ajiye shi kan hita, Habu, kuma har yau ba ka ba ni haƙuri ba."

Kusan shekara hamsin! Ni na ma manta. Na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe tun ranar.

Ya Allah ka jiƙan Sahabi, ka haskaka kabarinsa, ka ba Nana da 'yan uwanta juriya. Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, ya tsaya ya yi masa addu'a.