Dokta mai aski da surukinsa

Kowa a layin, Dokta yake ce masa, alhali aski ne sana'arsa. Shagon kujera biyu ne da madubi mai tsaga a gefe, sai kanta inda ya jera kwalaben bitamin kusa da hoda: wata mai launin lemo, wata fara, wata mai ƙarnin kifi. Ba sayarwa yake ba, wa'azinsu kawai yake yi. Ka yi atishawa a kujerarsa, sai ya kashe inji ya gaya maka shekararsa huɗu ko mura bai yi ba, garkuwar jikinsa ta fi ƙofar banki ƙarfi. A yi dariya, wani ya karɓi ƙwaya biyu ya tafi.

Da murar nan mai zazzaɓi ta shigo gari, ta kama surukinsa, tsohon direba mai ciwon suga. Matar Dokta ta ce a kai Baba asibiti. Ya ce ba abin da za a samo can sai bin layi da shaƙar tarin wasu. Ya kwashi kwalabe uku ya tafi da kansa, ya durƙusa ya gaida tsohon, ya rubuta masa a bayan kwali: biyu da safe, biyu da yamma. Tsohon ya yi ta sa masa albarka.

Rana ta bakwai da hantsi, yana tsakiyar aski, aka kira shi wai numfashin Baba ya sarƙe. Ya bar mutum da rabin kai ya fita.

A asibiti ya tarar an sa wa tsohon robar iska a hanci. Nas ta zazzage ledar da aka zo da ita a kan tebur, kwalaben suka gangaro, kwalin ya biyo su. Ta ce ƙwayoyin ba guba ba ne, amma ba sa warkar da ciwon huhu, kuma mai suga ba ya kwana shida da zazzaɓi a gida. Ta tambaya wa ya ba shi su.

Yayyen matar Dokta su uku suna tsaye, kuma duk sun san rubutunsa.

Tsohon ya ɗan ɗaga hannu. "Ni na saya, 'yata. Taurin kai ne irin namu na tsofaffi."

Babban yayan ya ɗauke kwalin ya sa a aljihu, bai dubi kowa ba.

Kwana goma sha ɗaya Baba ya yi kafin a sallame shi, kuma har yau in ya yi doguwar magana sai ya tsaya ya huta. Matar Dokta ba ta taɓa tayar da zancen ba, shi kuwa da ma ta zage shi ya huta. Duk Asabar yakan je gaida tsohon, ya zauna daga bakin ƙofa kusa da takalma. In aka kawo abinci, ya ce ya ƙoshi.