Mun Je Doha Koyon Cike Rami

Daga Ungwan Maje zuwa Abuja

Ana kiran assalatu na bar gida a bayan babur ɗin maƙwabcina, jakata a kan cinya. Sai da muka zaga ta bayan kasuwa, domin tsohuwar hanyar ta daɗe da ruftawa cikin ramin. Ga wanda bai san garinmu ba, wani kamfani ne ya haƙi kwal a gonakinmu har ya ƙoshi, ya kwashe motocinsa, ya bar mana rami cike da baƙin ruwan da ko akuya ba ta sha. Duk damina gaɓarsa sai ta zaftare. Bana kuwa ta kusa katangar gidanmu, inda iyalina da na ƙanena Sabo suke kwana.

Mun kai kuka har muryarmu ta dushe, sai aka kafa kwamiti. Kwamitin ya zauna, ya gano cewa ba a cike rami da ka, sai an je ƙasar waje an ga yadda ake yi. Aka zaɓi Katar. Ni aka ɗauka wakilin masu gonaki, ina jin don a sami mai koɗaɗɗiyar hula a cikin hoto.

A wani shinge ɗan sanda ya leƙo motarmu ya ce ina zuwa. Na ce Doha, koyon cike rami. Ya dube ni, ya dubi takalmina, ya ce, "Baba, Allah ya ba da lafiya."

Gharrafa

A Abuja na haɗu da Ciyaman ɗin kwamitin da mutanensa, kowa da akwati biyu, ɗaya babu komai a ciki. Muka sauka Doha da hantsi, zafi kamar an buɗe murfin tukunya. Direban da ya ɗauke mu, Awudu, ɗan Zangon Kumasi ne. Ciyaman ya ce ya fara kai mu inda suke haƙar kwal.

"Kwal, Alhaji? Nan gas ne gare su. Gawayin da na sani na gashin nama ne, a leda ake sayar da shi."

Ciyaman ya yi gyaran murya ya ce ba komai, ilimi ko'ina akwai shi. Muka neme shi a manyan kantunan Gharrafa har akwatunan nan suka cika. Masaukinmu sanyi ya hana ni barci, shinkafar da naman rago kuwa ba ni da abin cewa a kanta.

Mu'aither

Sabo yana aikin gadi a nan tun da ramin ya cinye gonarsa. Na roƙi Awudu ya biya da mu. Muka same shi a bakin titi da jar tuta a hannu, yana gadin rami. Wallahi rami! Na bututun ruwa, zurfinsa bai wuce gwiwata ba, amma an kewaye shi da shinge da jan zare, ga fitilu suna walƙiya da rana tsaka.

Na matsa in leƙa, ya tare ni. "Yaya, dakata daga nan. Ka tsallake zaren nan, khalas, aikina ya ƙare."

Ciyaman ya sauko daga mota da murna. "Ga abin da muka zo nema!" Aka jera mu aka ɗauki hoto, aka tambayi Sabo inda ake sayar da zaren, ya ce Umm Salal.

Suna komawa mota ya ja ni gefe. "Yaya, maiɗakina ta ce bangon ɗakin yara ya tsage. Yaushe za a fara zuba ƙasa?" Na ce ai ga shi an zo koyo. Bai yi dariya ba. Tsoro ya kama ni sosai a wurin nan.

A Umm Salal aka sayi zare dami guda, muka kama hanyar filin jirgi.

Gida

Aka yi biki da makaɗa a bakin ramin. Aka kakkafa sanduna ana ɗaura zare, bai kai ko'ina ba ya ƙare. Da aka zo saitin gidanmu babu sauran ƙasar da za a kafa sanda, sai aka ɗaura bakin zaren a jikin katangarmu, aka yi tafi.

Da hadari ya fara haɗuwa na kwance kwanon rufi, na kwashe mata da yara zuwa gidan surukaina. Gidan da mahaifinmu ya gina da hannunsa, ni na fitar da ƙofarsa a ka. Ruwan farko ya sauka ranar Laraba.

Na gode wa Allah da ya kai mu lafiya ya dawo da mu, kuma ba a rasa rai ba. Na gode wa Awudu, na gode wa kwamiti da ya nuna mini duniya. Washegarin ruwan Sabo ya bugo waya daga bakin raminsa, ya ce, "Yaya, an fara zuba ƙasar?"

Na ce, "An fara, Sabo. Katangarmu ce ta fara shiga."