Batirin da Na Lulluɓe da Bargo

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta. Sau biyu ina farawa ina gogewa, don ni ne mai wautar a cikin labarin, ga shi karatuna bai wuce firamare ba. Amma jiya na ga wani ya rungumi batirin babur ɗinsa ya shige ɗaki da shi, hankalina ya ƙi kwanciya, shi ne na ce bari dai in faɗa.

Shekarun baya, lokacin da fetur ya fi ƙarfinmu, yayana da ke Kano ya aiko mini da babur mai caji, na hannu. Da shi nake ɗauko kayan miya daga Kangire zuwa cikin Birnin Kudu. Batirin ana cire shi, kamar ƙaramin akwati ne mai mariƙi. Cajar da aka haɗo ba tasa ba ce, amma mai shagon ya ce wa yayana tunda bakinta ya shiga, ai duk ɗaya ne.

Duk wanda ya san ni ya san ni da fargaba. Ni ne mai kulle ƙofa in kai bakin titi in dawo in ja kwaɗon. Sai dai ban taɓa kawo gobara a raina ba. Ɓarawo nake tsoro, da bakin mutane. A gidanmu kuwa, abu mai daraja ɗakin tsohuwa ake kai shi, a tura bayan gado a rufa masa zane, don ba mai shiga can ya yi bincike. Haka ake yi da irin shuka, haka ake yi da kayan aure. Na bi da batirin haka. Mahaifiyata ciwon gwiwa ya zaunar da ita, sai an kama ta take tashi, sai na ga ai na ma samu mai gadi.

Wata Juma'a a tsakiyar bazara aka kawo wuta wajen sha biyu. Ranar dangin mahaifiyata na Maruta za su zo duba ta bayan an sauko daga masallaci. Na jona batirin, na tura shi tsakanin gadonta da buhunan riɗin da muka noma, na ninka bargo biyu na lulluɓe shi, don kada baƙi su hango hasken cajar su fara tambaya.

Ta dube ni ta ce, "Shi wannan ɗan naka ba ya jin zafi ne? Mu muna fama da mafici, shi bargo?"

Na ce, "Inna, ƙarfe ne, ba ya gumi."

Na kama hanyar masallaci. Har na kai bakin titi na dawo, na gyara bargon inda ya ɗan buɗe. Wannan dawowar ita ta fi ba ni kunya har yau.

Sauran labarin ba ni aka yi. Matata ta tafi kitso, gidan ba kowa sai tsohuwa. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa mai tuyar ƙosai, ta shigo aron rariya. Tun daga zaure ta ji wari.

"Hajiya, me kike ƙonawa?"

"Ni ma tun ɗazu nake ji. Na ɗauka daga wajenki ne, na ce yau mai ya ƙone mata."

"Haba Hajiya, a tuya na tsufa. Wannan ba warin mai ba ne."

Ta bi warin har bayan gado, ta taɓa bargon ta ji shi kamar kasko, ga wani huci yana fitowa daga ƙarƙashi. Ta fizge wayar daga bango. Mahaifiyata ta ce ta bar shi, kada in dawo in yi faɗa. Dattijuwar ta ce, "Ya yi ta faɗan." Ta duba ta ga ba za ta iya ɗaga tsohuwa ita kaɗai ba, sai ta mirgina batirin a kan tabarma, ta ja shi da baya da baya har tsakar gida. Ba ta gama miƙewa ba ya fashe. Sun ce wutar feshi take kamar ta masu walda. Ta riƙa ɗibar yashin da muka tara don gini tana zubawa, wutar ta mutu, ta sake tashi, har sau biyu. A nan bayan hannunta ya ƙone.

Da na hango taro a ƙofar gidanmu, ban san inda na yar da dardumata ba. Na tarar an fito da mahaifiyata bakin ƙofa tana jan carbi, ɗakinta ko zare bai ƙone ba. Ta ce, "To, ɗan naka dai ya yi gumin." Mai ƙosai kuwa tana riƙe da hannunta ta ce, "Malam, da ka ce girki ka ɗora a ɗaki ai da na zo da kwano." Kowa ya yi dariya, ni kuwa na durƙusa a gabanta. Muka kai ta asibiti. Makonnin da ta yi tana jinya, matata ce take zama mata a bakin kasko.

Daga baya abokina mai haɗa sola ya tona abin da ya rage. Ya nuna mini ƙananan tsofaffin batura, kowanne da launinsa, an harhaɗa an naɗe da salatif. Ya ce bai ga abin da yake yanke wuta idan ya cika ba, cajar ma ta fi ƙarfinsa, bargon kuma ya hana zafin fita. Babu sunan kamfani a jiki, babu wani hatimi. Na ce, "Yanzu ba mai duba irin waɗannan kafin a sayar wa mutane?" Ya ce ya kamata a ce akwai, amma shi bai san su ba. Abin da ya sani shi ne a yi caji a waje a inuwa, a kan siminti, da cajarsa ta asali, ba rufi, kuma mutum yana kusa. In ya kumbura ko ya fara wari, a nisance shi.

Har yau ina tuna cewa tsakanin gadon nan da batirin bai kai kamu ɗaya ba. Ni na ɗauka kaffa-kaffa nake yi, ashe ban ma san abin da ya kamata in ji tsoro ba. Na gode wa Allah, na gode wa baiwar Allahn nan. Tabon yana nan a hannunta, kullum na je sayen ƙosai sai idona ya kai wajen.

Roƙona ga masu sani guda biyu ne. Wace hukuma ce take duba waɗannan batura, kuma wace alama mutum irina zai nema a jiki kafin ya saya? Sannan ragowar nawa tana nan cikin tsohon duro, na cika shi da yashi na ajiye a bayan gida. Na kasa zubarwa a bola saboda yara da awaki, na kasa binnewa saboda rijiyarmu. Duron ya fara tsatsa ta ƙasa, ga damina ta kusa. Don Allah wanda ya san inda ake karɓar irinsa a nan Jigawa, ya sanar da ni.